Ƙarin jijiya: kada majinyaci ya ɓace a hanya

Akwai wata cuta da ba a cika gani ba, amma tana nan cikin garuruwanmu. Likitoci na ce mata nerofibromatoz. Cikin jarirai 3000, kamar 1 ne ake haihuwa da ita.

Yaya ake gane ta?

Tun yaro na ƙarami ana ganin tabo 6 ko fiye a jikinsa, masu launin shayi da madara. In ya fara balaga, sai ƙullutai masu taushi su fito masa. Ƙullutan suna tsira ne bisa jijiyoyin da ke kai saƙon ji da motsi.

Ba kuturta ba ce, ba sammu ba ne. Ba a ɗaukar ta wajen cin tuwo ko gaisawa. Rabin masu ita sun gada daga uwa ko uba, rabi kuwa a kansu ta fara. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, jini na iya ƙin tsayawa.

Ina wahalar take?

Cutar ba ta tsaya ga fata ba. Tana iya taɓa ido, ta lanƙwasa ƙashin baya, ta kawo hawan jini. Kamar mutum 1 cikin 10, wani ƙarin nasa na rikiɗa ya zama ciwon daji. Ke nan majinyaci ɗaya na bukatar likitoci da yawa, su kuwa ba gari ɗaya suke ba.

Majo na asibitin karkara ya tura shi asibitin gunduma. Can a tura shi Maraɗi, Tawa ko Damagaram, wani lokaci har Yamai. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. An sayar da akuya, an sayar da hatsi. In takarda ta ɓace, sai a sake awo daga farko. In ya komo gida, majo bai san abin da aka gano ba. Nan ne mutane ke gajiya su bari.

Ina ya kamata a sa kuɗi?

Gini da magani suna da amfani, amma haɗa aikin likitoci ma yana son nasa kuɗi:

1. Ma'aikaci ɗaya a gunduma mai riƙe da sunayen majinyatan. Shi zai yi waya, ya nemo ranar ganin likita kafin a hau mota.
2. Takardar turawa, wadda za ta tafi da majinyaci ta kuma komo da amsa.
3. Asusun tafiya. A wasu gundumomi an taɓa ƙara dala 20 bisa kuɗin ganin likita don man motar asibiti. Kwamitin lafiya da magajin gari na iya duba irin wannan dabara.

Namu aikin

Mai wannan cuta ya je awo sau 1 kowace shekara, ko ba ya jin ciwo. In ƙari ya yi tauri, ko yana girma da sauri, ko zafinsa na hana barci, a tafi asibiti ba jira. Ku adana karne cikin leda. Ku da kuka iya karatu, ku rubuta wa maƙwabcinku ranar komawa, ku tuna masa in ta zo.