3.4 Dangantakar Fina-finan Kaboyi da Waƙoƙin da Suka Tsiro Daga Gare Su

Fim ɗin kaboyi shi ne wanda ake gina labarinsa a kan rayuwar makiyaya da 'yan fashi da jami'an tsaro a yammacin Amurka, musamman a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Irin waɗannan fina-finai sun haifar da waƙoƙi da dama, sai dai ba duk waƙoƙin ne suke da kusanci iri ɗaya da fim ɗin da ya haife su ba. Wannan nazari ya kasa su gida uku.

Kashi na farko shi ne waƙar da aka tsara domin fim, aka kuma saka ta a cikinsa. Misali a nan shi ne High Noon na shekarar 1952, wanda Fred Zinnemann ya ba da umarninsa. Gary Cooper ya fito a matsayin Will Kane, jami'in tsaron wani ƙaramin gari, wanda a ranar ɗaurin aurensa ya sami labarin cewa wani mugu da ya taɓa ɗaurewa zai iso a jirgin ƙasa na ƙarfe goma sha biyun rana domin ramuwa. Mutanen gari suka juya masa baya, amarya kuma ta ce ko su gudu tare ko ta tafi ita kaɗai. Dimitri Tiomkin ya tsara kiɗan waƙar, Ned Washington ya rubuta baitocinta, Tex Ritter ya rera. Da ita aka buɗe fim ɗin, ana kuma ta maimaita ta yayin da Kane yake zagaya gari neman mataimaki. Wato waƙar ce take faɗin abin da jarumin ya kasa furtawa da bakinsa. Ta ci lambar Oscar a 1953.

Kashi na biyu shi ne waƙar da ta ɗauki labarin fim amma ba ta shiga cikinsa ba. A 1962 John Ford ya fitar da The Man Who Shot Liberty Valance, inda John Wayne da James Stewart suka fito. A wannan shekara Burt Bacharach da Hal David suka tsara waƙa mai wannan suna, Gene Pitney ya rera, har ta kai matsayi na 4 a jadawalin Billboard. Wanda ya je silima domin ya ji ta ba zai ji ta ba, domin a faifai da rediyo kawai ta rayu.

Kashi na uku shi ne mafi nisa, wato waƙar da ta tsinci magana ɗaya tak daga fim ta tafi da ita wani wuri. A The Searchers na 1956, John Wayne yakan maimaita wata magana ta gatse, wadda ma'anarta ta yi kusa da "ba a yi ranar ba". Buddy Holly da makaɗinsa Jerry Allison sun kalli fim ɗin a garin Lubbock na jihar Teksas, suka mayar da maganar sunan waƙarsu, That'll Be the Day, wadda ta zo ta ɗaya a Birtaniya a 1957. Jigonta soyayya ne. Babu doki, babu bindiga, babu ramuwar gayya.

Idan aka lura, za a ga cewa gwargwadon nisan waƙa daga fim, gwargwadon raguwar labarinsa a cikinta. Saboda haka manazarcin da ya dogara ga baitoci kaɗai zai gane kashi na farko da na biyu, amma na uku zai kuɓuce masa, sai fa in ya bi tarihin yadda aka tsara waƙar.