Gulp: Irin Shan Ruwan Buɗa-Baki

Duk wanda ya taɓa azumi a lokacin bazara ya san ma'anar kalmar Turancin nan gulp, ko da bai taɓa jin ta ba. Ladan na kiran magariba yaro ya rarumi moɗa, ya kamfato ruwa a randa, ya kafa kai. Maƙogwaronsa na hawa yana sauka, kana jin ƙwat-ƙwat daga inda kake zaune, ruwa na bin gefen baki yana jiƙa masa gaban riga. Uwarsa na cewa, "Kai, a hankali, kada ka ƙware!" Ina! Sai da ya ga gindin moɗar. Wannan shan shi Bature ke kira gulp, mu kuma mu ce ya kwankwaɗa ko ya ɗaɗɗaka.

Shi ya sa nake jin takaici idan ɗalibi ya fassara ta da "sha" ya wuce. Kakan yaron da ke gefe yana kurɓar kunun tsamiya mai zafi, shi ma ai sha yake, amma nasa sip ne. Swallow kuwa haɗiya ce zalla, ba ruwanta da sauri ko nawa. Gulp ce ke nuna maka ƙishin da gaggawar, da yawan abin da ke wucewa a lokaci guda. Tana shiga abinci ma: wanda ya makara ya zura karin kumallo ba tauna, a ce gulp down ya yi.

Tana zama suna. A gulp makwarwa ce mai cika baki, in one gulp kuma a haɗiya ɗaya, yadda ake yi wa magani mai ɗaci. A Amurka, shagunan 7-Eleven sun raɗa wa ƙaton kofin lemonsu Big Gulp tun 1976. Masana na danganta kalmar da gulpen ta tsohon harshen mutanen Holan, kuma a ganinsu ƙarar maƙogwaro aka kwaikwaya, kamar dai maƙwat ɗinmu.

Inda mai karatu ya fi tuntuɓe shi ne inda babu kofi babu kwano. A littafin labari a ce ɗan sanda ya tambayi mutum sunansa, sai a rubuta he gulped. Kada ka nemi abin da ya sha; yawu ya haɗiye don tsoro, cikinsa ya ɗuri ruwa. Wanda aka tsamo daga kogi yana zuƙar iska da baki buɗe, shi ma gulp yake yi wa iskar. Mace kuma da ke danne hawaye a gaban mutane, Bature ya ce gulp back tears, mu mu ce ta haɗiye kukanta.