Masu Naɗar Zaman Kotu da Na'ura: Yadda Ake Koyon Aikin

Kotunan Amurka sun daɗe suna dogaro da masu buga gajeren rubutu a wata ƙaramar na'ura, waɗanda sai saurinsu ya kai kalmomi 225 a minti ɗaya kafin a ba su shaidar ƙwarewa ta ƙasa. Koyon wannan kan ci shekaru, masu yinsa kuma sun yi ƙaranci. Shi ya sa ake ƙara neman masu naɗar zaman kotu da kwamfuta.

Horonsu yakan ƙare cikin watanni. Ana koya wa ɗalibi jera makirufo yadda alƙali, lauya da mai ba da shaida kowa muryarsa za ta shiga layinta daban, don in biyu suka yi magana a lokaci guda a iya rabe su. Yana saurare ta abin kunne, yana rubuta lokaci da sunan duk wanda ya yi magana, yana kuma haddace kalmomin shari'a da na likitanci. A ganina mafi wuya shi ne ya iya tsayar da babban lauya cikin ladabi ya ce a maimaita, domin kalma ɗaya da ba ta fito ba tana iya lalata ɗaukaka ƙara. Ƙungiyar AAERT, wadda aka kafa a 1994, ita ke shirya jarrabawar wannan fanni.

A Najeriya, dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yarda a naɗi zaman kotu da na'ura. Duk da haka alƙalai da yawa da hannu suke rubuta kowace jimla, shaida ya dakata sai an gama rubutawa.