Fata, Gashi da Farce a Jikin Masu Ɗauke da Ƙwayar Cutar Ƙanjamau

Tun kafin a kafa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Tudun Wada, Zariya, Bahaushe yana da sunayen cututtukan fata, irin su ƙazuwa da makero da kirci da ƙyasbi da amosanin ka. Saboda haka, lokacin da aka ba da rahoton ɓullar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, cututtukan da ke addabar fatar masu ita yawancinsu sanannu ne. Tsananinsu ne ya bambanta.

Dalili kuwa shi ne, ƙwayar cutar tana kashe sojojin jini masu tsaron jiki, waɗanda likitoci ke kira CD4. Idan suka yi ƙaranci, sai ƙazuwa ta yi ɓawo, amosani ya sauko fuska, makero ya ci farce, gashi ya yi laushi yana zuba. Wani tsohon magani ma, zidovudine, yakan sa farce ya yi baƙi.

Haɗarin da ke nan shi ne hukunci da ido. Ƙuraje ba shaida ba ne, haka nan fata sumul ba ta wanke kowa. Gwajin jini kaɗai ke tabbatarwa. Wanda aka tsangwama saboda fatarsa yakan guji asibiti har ciwo ya ci ƙarfinsa, alhali kuwa tun 2006 gwamnatin tarayya ta mai da maganin kyauta. Mai shan sa kullum garkuwarsa takan farfaɗo, galibin cututtukan nan su lafa. Don haka, wajibi ne ɗalibai da ma'aikata su riƙa nuna wa mai ƙurajen da suka ƙi warkewa hanyar asibiti, su kuma rufa masa asiri.