Sabbin Salon Gyaran Fata: Abin da ke Cikin Kwalba da Aikinsa a Jiki

Kasuwar kayan gyaran fata ta sauya fasali cikin shekaru goman da suka wuce. A da, mai sayen man shafawa sunan kamfani yake dubawa, sai ƙamshi, sai hoton da ke jikin kwali. Yanzu masu saye da yawa, musamman matasan birane, sinadarin da ke cikin man suke tambaya: mene ne a ciki, kashi nawa aka sa, wace matsala yake magancewa. A kan wannan tambaya aka gina yawancin sabbin salon da ake yayi a duniya. A ƙasar Hausa kuwa, yayin ya zo ya tarar da abubuwa biyu da suka riga shi zama, wato gyaran jiki na gargajiya da shafe-shafen neman hasken fata, kuma dukansu biyun sun sake kama saboda zuwansa.

Sayen sinadari maimakon suna

A shekarar 2016 kamfanin Deciem na ƙasar Kanada ya fito da kayan shafa masu suna The Ordinary. Ƙananan kwalabe ne marasa ado, kowace na ɗauke da sunan sinadarin da ke cikinta da adadinsa, a farashi mai sauƙi. Sauran kamfanoni suka bi sahu, har sunayen da a da likitoci da masu haɗa magani kaɗai suka sani suka shiga bakin jama'a.

Mafi shahara a cikinsu shi ne retinol, wanda yake daga dangin bitamin A. Yana hanzarta sabuntar ƙwayoyin saman fata, don haka yake rage ƙuraje da tabo da tamoji. Ɗan'uwansa mai ƙarfi, tiretinoyin, tun 1971 aka amince da shi a Amurka a matsayin maganin ƙurajen fuska, kuma likita ne ke rubuta shi. Da daddare ake shafa retinol, ana farawa da sau biyu a mako, domin a makonnin farko fata kan bushe ta yi saɓa. Likitoci sun hana mai juna biyu amfani da wannan dangi baki ɗaya. Tarayyar Turai ma ta ƙayyade cewa daga watan Nuwamba na 2025, sabon man fuska da zai shiga kasuwanninta kada retinol ɗinsa ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari.

Niyasinamaid nau'in bitamin B3 ne. Yana rage maiƙon fuska, yana kuma taimakawa wajen dusar da baƙin tabon da ƙuraje ke bari, kuma kashi 2 zuwa 5 ya wadatar. Bitamin C da safe aka fi shafa shi, sai dai iska da haske na lalata shi. Idan ruwan ya rine ya koma ruwan ƙasa, ƙarfinsa ya tafi. Salisilik asid yana narkewa cikin maiƙo, shi ya sa yake iya shiga ƙofofin fata ya kwashe abin da ya toshe su. Hayaluronik asid kuma aikinsa riƙe ruwa. A inda iska ta bushe, ana shafa shi ne a kan fata mai danshi sannan a rufe da mai, in ba haka ba ba ya tsinana komai.

Yayin Koriya da komawa ga kaɗan

Koriya ta Kudu ce ta yaɗa salon gyaran fuska mai matakai da yawa, har guda goma, daga ciki akwai: wanke fuska da mai, a sake wankewa da sabulun ruwa, a shafa ruwan daidaita fata, a bi da siram, a manna takarda mai danshi, a rufe da mai. Daga can ne kuma man da ake yi da yauƙin dodon koɗi ya bazu. Fina-finai da mawaƙan ƙasar sun tallata wannan salo, kuma a 2024 kuɗin kayan kwalliyar da Koriya ta fitar waje ya haura dala biliyan 10.

Yawan matakai ya zo da nasa matsalar. Mutane suka riƙa tara asid kan asid a dare guda, fuska ta yi ja, ta riƙa raɗaɗi, ƙuraje suka ƙaru. Daga nan aka fara komawa ga taƙaitawa: abin wanke fuska marar zafi, mai guda ɗaya, da man kariya daga rana. Wata likitar fata a Amurka, Whitney Bowe, ta yaɗa tsarin dare huɗu a TikTok a 2022: daren farko asid, na biyu retinol, na uku da na huɗu mai kawai domin fata ta huta, sannan a sake zagayowa.

Garkuwar fata da hunturu

Saman fata yana da wani siririn rufi na matattun ƙwayoyi da kitse ya haɗe, irin su seramaid. Shi ke hana ruwan jiki fita, shi ke hana ƙwayoyin cuta da abubuwa masu zafi shiga. Idan ya lalace sai fata ta yi gautsi, ta riƙa ƙaiƙayi, ko ruwa aka watsa mata ta yi zafi. Kare wannan garkuwa ya zama babban saƙon kamfanoni a yau, shi ya sa mai mai seramaid irin su CeraVe ya samu karɓuwa.

A yankin Sahel, hunturu ne ke gwada wannan garkuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na bushewa ƙwarai, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, ƙwauri ya yi furu-furu. Wanka da ruwa mai zafi sosai, da sabulu mai ƙarfi, da dirje jiki da soso, duk suna wanke kitsen da fata ke buƙata. Abin da ya fi shi ne ruwa mai ɗumi, a tsane jiki da tawul ba tare da gogewa ba, a shafa mai tun jikin yana da laima. Lafta basilin a fuska kafin kwanciya ya zama yayi a intanet, alhali a gidajen Hausawa an daɗe ana yi wa ƙafa mai kaushi haka. Mai fama da ƙuraje dai gara ya bar shi a ƙafa da leɓe.

Man kariya daga rana

An daɗe ana ɗaukar cewa baƙar fata ba ta buƙatar kariya daga rana. Gaskiya ne sinadarin melanin da ke ba fata duhu yana kare ta daidai gwargwado, amma ba ya hana rana ƙara wa tabo baƙi, kuma tabo da rashin daidaiton launi suna cikin abubuwan da suka fi damun masu baƙar fata. Mai mai lambar SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata, mai lamba 50 kuma kusan kashi 98. Tsofaffin irinsa kan bar fari-fari a fuska, abin da ya sa mutane suka guje su. Sababbin da ake yi yanzu suna nutsewa, wasu kuma an sa musu launin da ya dace da baƙar fata. Ga zabiya, wannan mai magani ne na dole, domin cutar dajin fata na yi musu barazana. Haka duk mai amfani da retinol ko asid, saboda suna sa fata ta fi jin rana.

Kayan gargajiya a sabuwar kwalba

Man kaɗanya, da sabulun salo, da man zogale, da man 'ya'yan kuka, da kurkum, yanzu suna cikin kayan da manyan kamfanonin duniya ke alfahari da su. Mata ne ke tsintar 'ya'yan kaɗanya da damina, su dafa, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, sannan su yi ta bugun ƙullin da ruwa har man ya taso sama. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi samar da kaɗanya, musamman jihohin Neja da Kwara da Kebbi, amma ribar sarrafawa a waje take tafiya. A watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen 'ya'yan kaɗanya na wata shida, da nufin a riƙa sarrafa shi a cikin gida.

Gyaran amarya ma ya zama sana'a mai zaman kanta. Dilka da halawa da turara jiki sun yi suna ne daga Sudan da Chadi da Barno, yanzu kuwa ana yin su a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai. Halawa sukari ne da ruwa da lemon tsami, a dafa har ya yi danƙo, a manna a fizge gashi. Dilka kuma ƙulli ne na gari da mai da kayan ƙamshi, a shafa a bari ya sha iska, a murje shi ya fita da matacciyar fata. Amarya kan kwashe kwanaki ana yi mata kafin biki. Sai dai kasancewar abu na gargajiya bai sa ya zama marar illa ba. Ɗanyen lemon tsami a fuska na iya ƙona fata idan aka shiga rana. Baƙin rinin da ake haɗawa da lalle yakan ƙunshi sinadarin PPD, wanda ke sa wasu kumburi da ƙuna. Wani tozalin kuma akwai dalma a cikinsa.

Bilicin ya sake suna

Duk da wannan wayewa, neman hasken fata bai kau ba, kuma har yanzu ana jin masu cewa "fara ko mayya ce". Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske. A watan Fabrairu na 2023 hukumar NAFDAC, ta bakin shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Abin da ya sauya shi ne kalmomin talla. Ba a cika cewa bilicin ba, sai a ce "oganik", ko fito da ainihin kala, ko goge baƙin rana. Ana yin haɗin a shago ko a ɗaki, a zuba a roba marar jerin sinadarai, a tallata a Instagram da TikTok da WhatsApp. Abubuwa uku aka fi samu a irin wannan haɗi. Haidirokwinon yana hana fata yin melanin, kuma idan aka daɗe a kansa yakan haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda ke da wuyar magani. Sitiroyid, irin su kilobetasol, magani ne na cututtukan fata na ɗan lokaci. Idan aka mayar da shi man kullum, fata na sirancewa har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, makero da ƙyasbi su samu wuri, rauni ya ƙi warkewa, kuma yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Makuri kuwa ƙoda da ƙwaƙwalwa yake taɓawa, yana kuma isa ga ɗan da ke ciki da wanda ake shayarwa. Alamar da aka fi gane mai shafe-shafe da ita ita ce gaɓoɓin yatsu da gwiwa da suka ƙi yin haske tare da sauran jiki. An kuma shigo da allura da ƙarin ruwa na gulutatayon, waɗanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu, ba ta kuma amince da wata allurar hasken fata ba.

Ƙasashe sun ɗauki matakai. Tarayyar Turai ta hana haidirokwinon a kayan shafa tun 2001, Kwaddibuwa ta hana man bilicin a 2015, Ghana ta biyo baya a 2016. Ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata sun amince a 2023 cewa a daina sa makuri a kayan kwalliya gaba ɗaya zuwa 2025. Kamfanin Unilever ma ya sauya sunan man Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely a 2020 bayan sukar da ya sha.

Maza, yara da na'urori

Maza sun shigo kasuwar, da man gemu da maganin ƙurajen aski da sabulun fuska. Yara ma tallan intanet ya kai gare su, kuma likitocin fata na gargaɗin cewa retinol da asid ba na fatar yaro ba ne, balle man haske da wasu iyaye ke shafa wa jarirai. Wuraren gyaran jiki sun fara amfani da leza, da asid mai saɓule saman fata, da na'urar ƙananan allurai. A baƙar fata, irin wannan aiki idan bai samu ƙwararre ba yakan bar tabon da ya fi na farko, ko tsiron tabo mai tudu.

Abin dubawa kafin saye

Kaya mai inganci yana ɗauke da jerin sinadarai, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar lalacewa, a Najeriya kuma da lambar rajistar NAFDAC. Jerin yana farawa ne da sinadarin da ya fi yawa. Sabon mai ana gwada shi a bayan kunne ko cikin dantse na kwana biyu kafin a kai shi fuska, kuma ɗaya bayan ɗaya ake shigo da su domin a gane wanda bai karɓi jiki ba. Saman fata yana ɗaukar kusan wata guda kafin ya sabunta, don haka maganin tabo na gaskiya yana buƙatar wata biyu zuwa uku kafin a ga aikinsa. Man da ya yi alkawarin sauya launi cikin mako guda, akwai abin da ba a rubuta a jikinsa ba. Wanda ya daɗe yana shafa haɗi mai sitiroyid kuma, likita ne ya kamata ya tsara masa yadda zai daina sannu a hankali, domin yankewa lokaci guda kan tayar da ƙuraje da raɗaɗi. Ƙurajen da suka ƙi ji, da tabon da ke yaɗuwa, da tawadar Allah da ta sauya girma ko launi, duk na asibiti ne, a ga likitan fata.