LITUWANIYA: ABIN DA YA KAMATA BAƘO YA SANI KAFIN YA ƊAURA KAYA

Duk wanda ya taɓa barin Kano ko Sakkwato ko Yerwa ya sauka a Ikko ko Badun da 'yar jakarsa a hannu, ba ya bukatar a yi masa bayanin baƙunci. Ya san ranar da ya fara ganin yaro ya kwanta rub-da-ciki yana gai da babba, ya san ranar da aka fara ajiye masa amala bai san ta inda zai soma ba. Da haƙuri da lura aka koyi zama da mutanen Kurmi, har ga Sabo a Badun, ga Agege da Idi-Araba a Ikko, ga 'yan goro a Shagamu.

To, yanzu tafiya ta ƙara nisa. 'Ya'yanmu da ƙannenmu suna neman karatu da sana'a a ƙasashen da iyayensu ba su taɓa jin sunansu ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce Lituwaniya, inda jami'o'i ke koyar da likitanci da sauran fannoni da Ingilishi, musamman a biranen Kaunas da Vilnius. Saboda haka a wannan makon za mu duba yadda mutanen wannan ƙasa suke, da abin da suke so, da abin da ke ɓata musu rai.

INA NE ƘASAR TAKE?

Lituwaniya tana arewa maso gabashin Turai, a bakin Tekun Baltik. Tana iyaka da Latbiya daga arewa, da Belarus daga gabas da kudu, da Folan, da kuma wani yanki na Rasha da ake kira Kaliningrad. Faɗinta murabba'in kilomita 65,300 ne, watau ba ta kai Jihar Barno ba, mutanenta kuwa ba su cika miliyan 3 ba. Babban birninta Vilnius. Ta shiga Tarayyar Turai da ƙungiyar tsaro ta NATO a 2004, kuɗinta kuma yuro ne tun 2015. Yawancin jama'arta Kirista ne 'yan ɗarikar Katolika.

KADA KA KIRA SU RASHAWA

Kuskure na farko da baƙo kan yi, kuma mafi muni, shi ne ya ɗauka mutanen Lituwaniya Rashawa ne. Yadda ran Bahaushe ko Babarbare kan sosu in aka raina asalinsa a kasuwa, nasu ya fi haka, don kuwa akwai jini a cikin maganar.

Tsohuwar daula ce. An naɗa sarkinsu Mindaugas a 1253, su ne kuma na ƙarshe a Turai da suka bar bautar gargajiya, sai a 1387 suka karɓi Kiristanci. A 1795 yawancin ƙasar ta faɗa hannun sarakunan Rasha. Daga 1864 zuwa 1904 aka hana buga littafi cikin harshensu da haruffan boko, aka ce sai da haruffan Rasha. Mutane suka ƙi. Aka riƙa buga littattafai a ƙetaren iyaka ta wajen Jamus, wasu suna fasa-ƙwaurinsu cikin dare, wanda aka kama a ɗaure shi ko a kora shi Siberiya. Har yau suna girmama waɗannan masu fasa-ƙwaurin littafi kamar yadda ake girmama jarumawan yaƙi.

Sun sami mulkin kai ran 16 ga Fabrairu 1918, amma a 1940 Tarayyar Sobiyet ta mamaye su. Sojojin Hitila suka riƙe ƙasar daga 1941 zuwa 1944, a lokacin ne aka hallaka fiye da kashi 90 cikin 100 na Yahudawan ƙasar. Da Sobiyet ta dawo, aka ci gaba da kwasar iyalai a taragun jirgin ƙasa zuwa Siberiya, fiye da mutum 100,000. Da wuya ka sami gidan da ba shi da labarin kaka ko kawu da aka tafi da shi.

Ran 23 ga Agusta 1989 mutum wajen miliyan 2 na Lituwaniya da Latbiya da Estoniya suka riƙe hannun juna a kan hanya, layi ɗaya mai tsawon fiye da kilomita 600, kusan nisan Ikko zuwa Fatakwal, don neman 'yanci. Ran 11 ga Maris 1990 Lituwaniya ta zama ta farko da ta ɓalle daga Tarayyar Sobiyet. Ran 13 ga Janairu 1991 tankokin yaƙi suka auka wa jama'a a hasumiyar talabijin ta Vilnius, mutum 14 suka mutu.

Wanda ya san wannan zai gane abin da ya sa tun 2008 doka ta hana nuna tambarin guduma da lauje na Sobiyet, da na Hitila, a bainar jama'a. Zai kuma gane abin da ya sa suka tsaya bayan Yukren tun da Rasha ta auka mata a 2022. Kowane irin ra'ayi kake da shi a majalisar mai shayi, ajiye shi a gida.

GAISUWA DA SHIGA GIDA

Mu mutane ne masu doguwar gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa. Can ba haka ba ne. Mutum zai wuce ka a hanya ko ya zauna kusa da kai a bas bai ce maka uffan ba, fuskarsa a ɗaure. Ba gaba ba ce, ba kuma girman kai ba. A wurinsu yi wa wanda ba ka sani ba surutu shiga hakkinsa ne. Amma in suka saba da kai, abotarsu tana da nauyi.

Kalmomi kaɗan za su buɗe maka ƙofa. "Laba diena" shi ne barka da rana, "labas" sannu ce tsakanin tsara, "ačiū", wanda ake faɗa kamar "aciyu", shi ne na gode. Kamar yadda mukan ce wa babba "ku", su ma suna da "jūs" na girmamawa da "tu" na sa'a. Kada ka ce wa dattijo ko malaminka "tu" sai in shi ya ba ka izini. Dattawa da yawa suna jin Rashanci, matasa kuwa Ingilishi, amma gara ka fara da gaisuwar harshensu ko da karyayyiya ce.

Sunan mace yakan nuna matsayinta. In sunan gidan Kazlauskas ne, matar gidan Kazlauskienė ce, 'yar gidan kuma Kazlauskaitė. Mai lura ba zai rikita uwa da 'ya ba.

In aka gayyace ka gida, to, an ɗauke ka da daraja. Ka isa a kan lokaci, don ƙarfe shida a wurinsu ƙarfe shida ne. Ka tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar yadda muke yi. Kada ka miƙa hannu kana waje mai gida yana ciki. Suna camfa musabaha a kan dokin ƙofa, sai ka shiga tukuna. Haka nan ba a yin fito a cikin ɗaki. Ba a zuwa hannu rabbana: alewa ko cakulan ko furanni sun isa. In furanni ne, su zama uku ko biyar ko bakwai. Masu cikakken lissafi, watau biyu ko huɗu ko shida, na jana'iza ne. Mutum sai ya kashe kuɗinsa ya sayo furanni masu kyau, ya je ya yi wa matar gida fatan mutuwa bai sani ba.

MAGANAR ABINCI

Nan ne Musulmi zai buɗe idonsa. Naman alade shi ne naman yau da kullum a Lituwaniya. Abincin da suke taƙama da shi, "cepelinai", curi ne na gurzajjen dankalin Turawa da nikakken nama a ciki, galibi na alade, a zuba masa soyayyen kitsen alade a kai. Ko abincin da ba ka ga nama a cikinsa ba, mai yiwuwa ne an barbaɗa masa wannan kitse. Sai a riƙe waɗannan kalmomi: "kiauliena" naman alade, "jautiena" na shanu, "aviena" na tunkiya, "vištiena" kaza, "žuvis" kifi. In ka ce "be kiaulienos" ka ce ban da alade ke nan. Mai neman naman yanka ya tambayi Musulmin gari inda suke saye.

Abin da za a ci hankali kwance yana da yawa. Akwai baƙin burodi mai ɗan tsami, wanda suke girmamawa ƙwarai, ba su son a wulaƙanta shi. Akwai kifi da cuku da zuma. Da zafi kuma suna shan wata miya mai sanyi, ja-ja-ja, ta nono mai tsami da wata jar saiwa da dafaffen ƙwai, a haɗa da dafaffen dankali. Wanda ya saba da fura da nono ba zai daɗe yana baƙunta da ita ba.

Za a miƙo maka giya, don tana cikin karɓar baƙo a wurinsu. Ka faɗa tun da wuri, cikin ladabi, cewa addininka ya hana. Su kan fahimta, su kawo shayi.

MUSULMIN DA SUKA RIGA KA ZUWA

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne Musulunci ya fi shekara 600 a wannan ƙasa. Wajen 1397 babban sarkinsu Vytautas ya zaunar da Tatar, Musulmi mayaƙan doki, ya ba su gonaki suka riƙa yi masa aikin soja, suka riƙe addininsu. Da zamani ya tura harshensu ya ɓace, sai suka riƙa rubuta littattafan addini cikin harsunan maƙwabtansu, na Belarus da na Folan, amma da haruffan Larabci. Wannan shi ne ajaminmu sak, a wata duniyar.

Jikokinsu 'yan dubbai ne kaɗan yau, Ahlus Sunna masu bin mazhabar Hanafiyya. Akwai tsofaffin masallatai huɗu: na Kaunas wanda aka gina da bulo a farkon shekarun 1930, da uku na katako a ƙauyukan Nemėžis da Raižiai da wani da ake kira Ƙauyen Tatar Arba'in. Na Raižiai ne kaɗai ya ci gaba da aiki a zamanin Sobiyet; na Vilnius kuwa an rushe shi a 1968. Ƙaramar jama'a da ta riƙe sallarta shekara 600 a tsakiyar waɗanda ba addininsu ɗaya ba, ba tare da ta zama abokiyar gabarsu ba, ai mazaunin Sabo ya san darajar wannan.

Sai a kula da lokaci. A watan Yuni rana takan kai awa 17, a Disamba kuwa awa 7 kacal. Azumi da lokutan salla sai an bi jadawalin masallacin garin.

RANAKUN DA SUKE JI DA SU

Daren 24 ga Disamba, jajiberen Kirsimeti, iyali kan taru a ci abinci iri 12 ba nama ko ɗaya, a ajiye kwano ga wanda ya rasu cikin shekarar. Farkon Nuwamba suna ziyarar maƙabarta, kowane kabari da kyandir; ba lokacin hayaniya ko ɗaukar hoto barkatai ba ne. Daren 23 ga Yuni suna hura wuta a fili suna waƙa har asuba. Kusa da garin Šiauliai akwai wani tudu mai dubban gicciye, wanda Sobiyet ta sa aka baje shi a 1961 da kuma bayan nan, kullum mutane suna sake kafawa da dare.

In kana son hira ta yi daɗi, ɗauko zancen ƙwallon kwando. Sun ci tagulla a wasannin Olimfik na 1992 da 1996 da 2000, sunan Arvydas Sabonis kuwa ko yaro ya san shi. Sun kara da Nijeriya a Olimfik na 2012 da na 2016, duka biyun suka yi nasara, saboda haka a shirya shan tsiya.

GARGAƊI

Sanyinsu ba irin na hunturun Jos ba ne. A Janairu ruwa kan daskare ya zama dutse, wani lokaci ma'auni ya sauka 20 ƙasa da sifiri. Riga mai kauri da takalmi da safar hannu wajibi ne. Mai tafiya a ƙafa a gefen hanya cikin duhu, doka ta ce ya rataya ɗan abu mai ƙyalli don direba ya hango shi. Baƙar fata ba su da yawa, musamman a ƙauye, don haka za a kalle ka. Yawanci mamaki ne, amma in wani ya nemi cin mutuncinka, lambar 'yan sanda da asibiti ita ce 112.

Magana mafi nauyi ita ce ta hanya. Ɗan Nijeriya yana bukatar biza kafin ya shiga. A 2021 fiye da mutum 4,000 suka tsallako daga Belarus ba takarda, aka tsare su watanni a sansanoni. Daga nan gwamnati ta kafa shingen waya a iyakar, aka gama a 2022, masu gadi kuma suka shiga mayar da mutane baya, wasu suka rasa rayukansu cikin dazuzzukan wannan yanki saboda sanyi. Duk dillalin da ya zo maka a Agege ko Sabo ya ce kawo kuɗi zai bi da ɗanka ta Belarus, to, gonarka da shanunka yake so, bai damu da ran yaron ba. Takardar makaranta ta gaskiya da biza ta gaskiya, ko kuwa a haƙura.

Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya iya zama da Bayarabe da Ibo shekara da shekaru cikin mutunci, ya riga ya san rabin karatun: ka gai da mutane da harshensu, ka kiyaye abin da suke girmamawa, ka riƙe naka ba tare da ka raina nasu ba. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.