Tsarabar Tabar Kuba: Inda Matafiyi Ke Faɗawa Hannun 'Yan Jabu

Jami'in da aiki ya kai shi Habana, bai cika yin nisa daga masauki ba sai wani ya tare shi da akwatin Cohiba a farashi mai rahusa, yana cewa ɗan'uwansa ne ke aiki a masana'antar. Galibi jabu ce, musamman idan murfin akwatin na gilashi ne.

Ta gaskiyar ana naɗe ta da hannu, da ganyen yankin Vuelta Abajo na lardin Pinar del Río. Tun 1966 ake yin Cohiba domin Fidel Castro da manyan baƙinsa, sai a 1982 ta shiga kasuwa. Mai neman sahihiya shagunan La Casa del Habano yake nufa, ya duba hatimin gwamnati, ya karɓi rasit.

Masu shanta ba sa gaggawa: kara ɗaya kan kai awa guda, kuma ba sa zuƙar hayaƙin zuwa huhu. Duk da haka tana jawo cutar dajin baki da maƙogwaro.

Wanda zai bi ta Amurka ya kiyaye: tun Satumban 2020 aka haramta shiga da ita, ko a Dubai aka saya. Tsarabar maigida na iya ƙarewa a hannun kwastam.